Turke Mai Lamba Tara

A wata unguwa mai dogayen lunguna, akwai wata yarinya 'yar aji biyar a makarantar firamare. Kakarta ce ta laƙaba mata suna Gaggawa, sunan kuwa ya bi ta har makaranta. Ba ta iya tafiya a hankali ba. Ko aikenta aka yi, kafin a gama faɗin saƙon ta kai bakin ƙofa.

"Ke dai wata rana sai kin manta ƙafarki a gida kin tafi," in ji Kaka.

Gaggawa ba muguwar yarinya ba ce. Tana da ƙoƙari a aji. Tana kuma son ƙaninta Auta kamar ranta. Shekararsa uku, duk inda ta sa ƙafa nan yake sa tasa. Aibinta ɗaya ne, hannunta yana riga tunaninta.

A bayan ajinsu akwai lambun makaranta. Malama ta ba kowane ɗalibi kunya guda, ta ce a ƙarshen zango za a zaɓi shukar da ta fi kyau. Gaggawa ta shuka tumatir. Kullum sai ta ba shi ruwa, ta cire masa ciyawa. Ya girma ya yi 'ya'ya har suka yi masa nauyi, ya fara karkata.

"Ki nemo sanda ki tokare shi," in ji Malama. "In ya kwanta a ƙasa, 'ya'yan ruɓewa za su yi."

Washegari da safe Gaggawa ta bi ta lungun tela, wanda ke kaiwa makaranta. Lungu ne dogo, da kwata a gefensa. Daidai gindin wata falwaya ta lantarki, sai ta ga wani ɗan turke a kafe. An shafa masa shuɗin fenti, an rubuta lamba tara da farin fenti a jikinsa. Miƙaƙƙe ne, tsawonsa ya kai ƙugunta.

"Kai, wannan kamar don ni aka ajiye shi!" ta ce a ranta.

Ta duba hagu, ta duba dama. Tela na buɗe shagonsa, ya ba ta baya. Zuciyarta ta ce mata ta tambaye shi mai turken. Sai ta ji ƙararrawar makaranta daga nesa. Ta kama turken ta ja. Ƙasar wurin na da damshi, bai ko yi mata gardama ba. Ta saɓa shi ta ruga.

A lambu ta kafa shi, ta ɗaure tumatirin da tsumma. Ya miƙe tsaye gwanin sha'awa. Ganyen ya rufe lambar, ita kuma ta manta da zancen.

Bayan mako biyu, ruwan famfo ya fara canjawa. Duk lokacin da aka ɗauke ruwa aka dawo da shi, sai ya zo da ɗan duhu da wari. In an bar shi ya zuba na ɗan lokaci, sai ya washe. Mutane suka ce ai damina ce.

Kaka ta shinshina moɗa ta girgiza kai. "Ruwa ba ya tsami banza," ta ce.

Ran nan da hantsi Auta ya fara amai da gudawa. Mama ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari, amma duk abin da ya sha sai ya dawo. Kafin azahar idanunsa sun faɗa. Baba ya baro wurin aiki, ya ɗauke shi sai asibitin unguwa.

Da Gaggawa ta taso daga makaranta ta bi su. Ɗakin yara ya cika. Gadaje takwas ne, amma wasu yara biyu-biyu suke kwance. Auta na gadon ƙarshe, an sa masa ƙarin ruwa a hannu. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya, yau ko ɗaga kai ba ya iyawa.

Kaka ta zauna a bakin gadon tana shafa ƙafarsa. Ta saba tsokanarsa da kiransa maigidanta.

"Maigida, tashi mana," ta ce a hankali. "Ka kwanta ka bar ni, wa zai ci gaba da ɓoye mini takalmi?"

Auta bai yi dariya ba. Gaggawa ta juya ta fuskanci bango, don kada Mama ta ga hawayenta.

Sista, babbar ma'aikaciyar jinya ta asibitin, ba ta tsaya ga ba da magani kawai ba. Duk yaron da aka kawo sai ta tambayi layinsu ta rubuta. Da ta duba takardarta, ta ga duka daga layuka huɗu suke, kuma bututu ɗaya ke kai musu ruwa. Nan take ta kira Duba-gari, jami'in da ke kula da tsabtar unguwa. Shi kuma ya kira Injiniyan hukumar ruwa.

Kwana uku suna neman inda datti ke shiga bututu. Suka tona nan, suka tona can. Ba su samu ba.

Ranar Litinin su ukun suka zo makaranta. Aka tara ɗalibai a fili. Sista ta yi bayanin tafasa ruwa da wanke hannu da sabulu. Sannan Duba-gari ya matso. Dattijo ne mai furfura, muryarsa ta dishe saboda gajiya.

"Yara, ku ne kuke bin kowane lungu," ya ce. "Muna son ku zama idanunmu. In kun ga wuri yana damshi alhali ba a yi ruwan sama ba, ku faɗa wa malamanku. Ni kuma zan zo in kafa irin wannan."

Ya ɗaga wani abu daga jakarsa. Turke ne mai shuɗin fenti, da farar lamba a jikinsa.

Gaggawa ta ƙura wa turken ido.

Wani yaro ya ɗaga hannu. "Baba, me turken yake yi?"

"Magana yake yi," in ji Duba-gari. "Ni ban iya gyaran bututu ba. Aikina in gano inda ya fashe, in kafa turke, in aika wa ma'aikatan ruwa takarda. Su kuma in sun gyara sai su cire shi. In na sake wucewa na ga babu turke, na san an gama aiki. Haka muke yi shekara da shekaru."

Ya yi ajiyar zuciya.

"Watan jiya na kafa goma sha biyu. Na zagaya, duk an cire su. Ke nan duk an gyara. Amma ga shi har yanzu datti na shiga. Dole akwai wata ɓaraka da ban gani ba."

Injiniya ya ƙara bayani. Ya ce in bututu ya tsage kusa da kwata, duk sa'ad da aka ɗauke ruwa sai ya zuƙi ruwan kwatar. In an dawo da ruwa, sai ya kai dattin har cikin gidaje.

Gaggawa ta tuna ƙasar nan mai damshi. Ta tuna kwatar da ke gefe. Ta sunkuyar da kai.

"Akwai mai tambaya ko mai magana?" in ji Malama.

Gaggawa ta buɗe baki, ta rufe. Idan ta faɗa, kowa zai ce ita ta sa wa yara ciwo. Za a riƙa nuna ta a hanya. Mama fa? Da wane ido za ta kalli Mama? Yarinyar da ba ta taɓa jinkiri ba, yau ta kasa ɗaga hannu. Har baƙin suka tafi ba ta ce uffan ba.

Ranar ba ta ji komai a aji ba. Da aka tashi ba ta leƙa lambu ba. Ta nufi asibiti tana jan ƙafa.

A ƙofar ɗakin yara ta ji Mama tana magana da Sista.

"Ya fara karɓar ruwa, mun gode Allah," in ji Sista. "Amma jikinsa ya yi rauni ƙwarai. Gaskiya ko ya warke ina tsoron sallamarsa. Ƙaramin yaro ba ya tambaya kafin ya sha. Kina juya baya zai kafa baki a famfo. In ciwon nan ya sake kama shi yanzu, ban san yadda za ta kasance ba."

"To yaya za mu yi?" in ji Mama.

"Sai an gano inda bututun ya fashe. Mu nan magani kawai muke bayarwa. Yau ma yara huɗu aka kawo."

Gaggawa ta koma ta zauna a kan bencin waje. Can sai ga Kaka ta fito, ta zauna kusa da ita. Ta daɗe tana kallonta.

"Yau na ga abin da ban taɓa gani ba," in ji Kaka. "Gaggawa tana tafiya kamar hawainiya. Me kika haɗiye?"

"Babu komai, Kaka."

"Ni na yi miki wankan farko, ba za ki ɓoye mini ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Faɗa mini."

Sai Gaggawa ta fashe da kuka. Ta faɗi komai, daga tumatir har zuwa maganar Duba-gari.

"Ni na jawo wa Auta, Kaka. Ni ce."

Kaka ba ta yi mata tsawa ba, ba ta kuma ce mata ba komai ba. Ta share mata fuska da gefen mayafinta.

"Kin yi kuskure babba," ta ce. "Amma lokacin da kika cire shi ba ki sani ba. Yanzu kin sani. Shirun da za ki yi daga yanzu, shi ne zai fi muni. Har yanzu turken yana nan?"

"Yana lambu."

"Za ki gane wurin da kika cire shi?"

"Zan gane."

"To tashi. Yau gaggawarki za ta yi rana."

Gaggawa ta zura da gudu. Ba ta tsaya ba sai lambun makaranta. Tumatirin na tsaye, 'ya'yansa sun fara ja. Saura mako ɗaya a yi zaɓen shuka, kuma kowa ya san nata ya fi. Ta kwance tsumman, ta tumɓuke turken. Shukar ta karkata, ta karye daga tsakiya, ta zube a ƙasa. Gaggawa ta ji zafin abin har ranta, amma ba ta waiwaya ba.

Malama na cikin aji tana duba littattafai. Gaggawa ta durƙusa, ta ajiye turken a gabanta.

"Malama, ni na cire wannan a lungun tela. Ba a gyara wurin ba."

Malama ta kalli lambar, ta kalli yarinyar. "Me ya hana ki faɗa da safe?"

"Tsoro na ji."

"Za mu yi wannan maganar daga baya," in ji Malama, ta ɗauki wayarta.

Ba a jima ba Duba-gari ya iso a kan babur, Injiniya kuma a motar aiki. Injiniya ya buɗe littafinsa yana bin layi da yatsa.

"Lamba tara, lungun tela," ya ce. "An rubuta an gama." Ya kira shugaban ma'aikatan safe a waya, sannan ya kira na yamma. Da ya gama ya dafe kai.

"'Yan safe sun zo ba su ga turke ba, suka ɗauka 'yan yamma sun gyara. 'Yan yamma suka ɗauka 'yan safe ne. Babu wanda ya tambayi wani."

"Ni ma na wuce na ga babu turke, ban kira ka ba," in ji Duba-gari. "Yarinyar nan ta yi laifi, amma ba ita kaɗai ba. Mun bar wa sanda maganar da ya kamata mu yi da bakinmu."

Suka ɗunguma zuwa lungun. Ruwan sama ya jiƙa ko'ina, ƙasa duk ta zama iri ɗaya. Falwayoyi shida ne a jere. Duba-gari ya tsaya yana waige-waige.

"Lungun na sani, amma wurin ya shige mini," ya ce.

Gaggawa ta wuce kai tsaye zuwa falwaya ta huɗu, wadda ke kallon shagon tela. Ta taka taku biyu zuwa wajen kwata.

"Nan ne."

Injiniya ya kafa wani dogon ƙarfe a ƙasa, ya kara kunnensa a kansa. Kowa ya yi tsit. Can ya ɗago.

"Ina jin tsiyayar ruwa. Nan ne."

Wani ma'aikacinsa ya ɗaga diga zai fara sara. Injiniya ya riƙe hannunsa.

"Dakata. In muka tona gindin falwayar nan, za ta faɗo mana da wuta. Ga kwata a toshe, in muka buɗe rami nan take za ta cika shi. Wannan aikin ya fi ƙarfinmu mu kaɗai."

Sai aka shiga kiran waya. Gaggawa ta tsaya a bakin shagon tela tana kallo.

Ma'aikatan lantarki ne suka fara zuwa. Suka kashe wutar layin, suka ɗaure falwayar da igiyoyi masu kauri. Masu kwashe shara suka zo da motarsu, suka shiga kwatar da manyan takalman roba. Leda da robobi da suka fitar sun kusa cika motar. Da kwatar ta samu hanya, ruwan ya wuce. Ma'aikatan hanya suka fasa simintin gefe. Sannan ne ma'aikatan ruwa suka rufe ruwan layukan huɗu, suka shiga tono da diga da shebur.

Kafin la'asar sakaliya suka kai ga bututun. Tsagewar ba ta wuce tsawon yatsa ba.

"Wannan ɗan abin ne ya kwantar da yara ashirin?" in ji tela, yana riƙe da baki.

Injiniya ya ce za a canja bututun, a wanke shi da magani, a gwada ruwan. Hakan zai ɗauki kwana biyu, kuma famfo zai kasance a rufe.

"To me mutane za su sha?" in ji tela.

Bai rufe baki ba sai ga jar motar 'yan kwana-kwana ta shigo layin. Yau ba gobara ta kawo su ba. Tankar ruwa mai tsabta suka rako, suka kuma tsaya suna tsara layi. Malama da manyan ɗalibai suka bi gida-gida suna faɗa wa mutane su zubar da tsohon ruwa, su wanke randuna da bokitai.

Da yamma Gaggawa ta faɗa wa Baba da Mama da bakinta. Hawaye suka riƙa zubo wa Mama. Hawayen nan sun fi wa Gaggawa bulala ciwo.

"Abin da ba naki ba, ko a bola kika gan shi, ki tambaya," in ji Baba. "Kwana biyun nan da babu famfo, ke za ki ɗebo wa tsofaffin layinmu ruwa daga tanka. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

Ta yi kuwa. Wuyanta ya yi tsami, tafin hannunta ya yi ja, ba ta yi ƙorafi ba. A makaranta ta tsaya gaban ɗalibai ta ba da haƙuri. Wasu sun yi ta ƙus-ƙus. Malama ta ce, "Ta yi kuskure, ta kuma yi jinkirin faɗa. Amma da ba ta faɗa ba, da har yau ana nema." A zaɓen shuka kuwa, da aka yi bayan mako guda, wani yaro mai kuɓewa ne ya ci.

A rana ta uku da gano tsagewar sakamakon gwaji ya fito. Ruwa ya yi tsabta. Injiniya ya aiko a kira Gaggawa lungun tela. An cike ramin, an shafe siminti, an mai da turke mai lamba tara inda yake. Duba-gari da Sista da sauran ma'aikatan duk suna wurin.

"Mun canja tsarinmu," in ji Injiniya. "Daga yau, wanda ya gyara zai kai turke hannu da hannu ga wanda ya kafa shi. Kuma duk ranar Litinin za mu zauna tare, mu da asibiti da masu shara da sauran, kowa ya faɗi abin da ya gani." Ya dubi Gaggawa. "Ke kika cire shi ba a lokacinsa ba. Yau aiki ya ƙare. Cire shi ki miƙa wa mai shi."

Gaggawa ta kama turken. Sai ta tsaya, ta dubi Duba-gari.

"Baba, in cire?"

Dattijon ya yi dariya, karo na farko cikin mako guda. "Cire, 'yata. Kin tambaya."

Ta cire, ta miƙa masa da hannu biyu. Shi kuma ya ciro wata sanda daga bayan baburinsa, marar fenti, marar lamba.

"Wannan taki ce. Tumatir in ya karye yakan yi sabon toho daga gindi."

Ranar aka sallami Auta. Ya rame, amma idanunsa sun dawo. Yana shiga gida ya ɗauke takalmin Kaka ɗaya ya cusa a bayan randa.

"Alhamdu lillahi, maigida ya dawo bakin aikinsa," in ji Kaka.

Can Auta ya ja rigar Gaggawa. "Yaya, ruwa."

Ta buɗe famfo ta tara kofi. Ta ɗaga shi wajen haske ta duba, ruwan garau. Ta miƙa masa, ya shanye, ya ce a ƙara.

Tun daga ranar Gaggawa ba ta ɗaukar abin da ba nata ba sai ta tambaya, in kuma ta yi kuskure takan faɗa tun da wuri. Ta gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu yi wa jama'a aiki sai sun haɗa kai, sun yi magana da juna, sannan unguwa take zama lafiya, kuma ko yaro yana da nasa rabon a cikin aikin.